Kafin a sayo mana wasan waya, ina lambun?

Makon jiya na zauna a wani taron aiki inda wani ɗan kwangila ya zo yana tallata mana wasan waya. Irin wanda yaro zai ɗaga kyamara a wurin shaƙatawa, sai wata dabba ko tambaya ta bayyana a kan abin da ke gabansa, wai da haka zai koyi kula da muhalli. Aka yi ta tafi. Ni dai hannuna na kan cinya.

Kada wani ya ce Malam ya tsufa, ba ya son fasaha. Abin yana aiki a inda aka shirya masa. Pokémon GO da ya fito a 2016 ya fitar da miliyoyin mutane daga ɗaki zuwa lambunan birane a Amurka da Turai da Japan. A 2018 kamfanin Niantic mai wasan ya haɗa 'yan wasa suka fita kwashe shara a ranar 22 ga Afrilu, ya ba su lada a cikin wasan. Akwai kuma manhajar Seek ta iNaturalist, ka nuna mata ganye ko ƙwaro ta gaya maka sunansa. Tun 2002 ma masu bincike a Ingila suka gano yara 'yan shekara 8 sun fi sanin halittun Pokémon a kan dabbobi da tsirran ƙasarsu. To, kama yaro ta wayar da yake so dabara ce, ban musa ba.

Amma duk waɗannan a kan me suka tsaya? A kan lambu na gaske, mai bishiya, mai inuwa, mai ma'aikacin da ake biya ya yi ban ruwa. Mu fa? Ku duba unguwanninku. Filin da aka ware don yara, yau shaguna ne ko gareji, wani ma juji. Yaron zai ɗaga waya ya nuna wa kyamara me, buhun leda?

Sannan wayar ta wa? Uban da ke lissafin kuɗin data tun ƙarin kashi 50 na 2025, shi zai miƙa wa ɗan firamare babbar waya ya shiga gari da ita, a wannan zamani na ƙwacen waya? Haba jama'a.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunaye. Na tambayi mutumin ko wasansa ya san gawo. Ya yi shiru. Gawo fa, bishiyar da ke kaɗe ganye da damina ta bar gero ya sha rana, ta yi kore da rani ta ciyar da dabbobi. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin kadada ta hanyar barin irin waɗannan itatuwa su sake tofowa a gonakinsu, ba tare da wata manhaja ba. Wasan da zai koya wa ɗana sunan bishiya da Turanci, alhali bai iya bambance ɗorawa da tsamiya ba, me ya ƙara masa?

In har za a yi, a fara da lambu ɗaya. A katange shi, a dasa kuka da kanya da marke da magarya, a haƙa rijiyar burtsatse, sannan a zauna da tsofaffin manoma a ɗauki muryarsu da Hausa a saka a wasan.

Na sake tambayarsa a wane lambu za a fara. Ya ce za a tantance bayan an saki kuɗi. Na bi takardar kasafin layi-layi: akwai kuɗin manhaja, akwai na bita a otel, babu ko sisi na dashe.