Ɗakin Tafi-da-gidanka: A Yi Lissafi Kafin A Saya

 Makon nan za mu ɗan jingine zancen girki da reno mu leƙa Ingila, saboda wata takarda da wata uwar gida ta aiko mini. Ta ce 'yarta tana aure a can, ta kuwa rubuto mata cewa maigidanta ya ƙwallafa rai a kan sayen wani ɗaki mai tayoyi, irin wanda a ke ɗaura wa mota a baya a ja shi zuwa wurin hutu. Kuɗin da suka shekara huɗu suna tarawa shi ne za a zuba a ciki. Uwar tana tambaya, wai wannan abin yi ne, ko kuwa ɓarnar dukiya ce?

To, Hajiya, amsar tana cikin lissafi, kuma lissafin ya fi kyau a hannun 'yarki, don ita ce za ta yi girki a cikin ɗakin, ta shimfiɗa wa yara, ta kuma ji jiki in kuɗin cefane ya ragu. Sauranku kuma ku matso ku ji, don dabarar da a ke auna wannan ciniki da ita ba ta da bambanci da ta sayen keken ɗinki ko firji.

Turawa suna kiran ɗakin nan karaban, mu kuwa mu ce da shi tafi-da-gidanka. Ba shi da inji, sai an ja shi. A cikinsa akwai kujeru waɗanda a kan mai da su gado da dare, da murhun gas, da wurin wanke kwanuka, da 'yan akwatunan bango. In an isa filin da aka tanada don masu irinsa, sai a biya kuɗin kwana, a kwance shi daga mota, a jona masa lantarki, shi ke nan an yi gida. Abin ya daɗe a wurinsu. A shekarar 1885 wani likitan sojan ruwa, Dokta William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa wanda dawakai ke ja, ya yi tafiya a cikinsa har Sikotland don shaƙatawa kawai. A 1907 masu sha'awar abin suka kafa ƙungiyarsu, wadda tana nan har yau, ko da ya ke ta sake suna a 2017. A 1919 kamfanin Eccles na Birmingham ya shiga ƙera waɗanda mota ke ja. Amma bai zama abin mai ƙaramin ƙarfi ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da wani mutum mai suna Sam Alper ya fito da Sprite, ƙarami mara nauyi, mai sauƙin kuɗi.

Ƙanana su ne abin maganarmu, su ma iri-iri ne. Akwai ɗan mitsitsin nan mai siffar ɗigon hawaye, wanda ya yi tashe a Amurka tun wajen 1930 da 'yan kai. Cikinsa katifa ce kaɗai ta mutum biyu, ba a iya miƙewa tsaye, madafar kuwa tana baya, sai an ɗaga murfi an tsaya a waje a yi girki. Akwai mai naɗewa, watau amalanke ce da tanti a cikinta, in an isa a buɗe a kafa. Yana da araha, ba shi da nauyi, yana kuma ɗaukar iyali. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: in aka naɗe tantin da jiƙa, tilas a sake buɗe shi a gida ya bushe, in ba haka ba ya yi fumfuna. A ƙasar da ruwan sama ba shi da lokaci, ku san wa wannan aiki zai faɗa wa. Sa'an nan akwai mai rufin da a ke ɗagawa in an tsaya, irin Eriba na Jamus, wanda aka soma ƙera shi tun kafin 1960. Yana da tsada bisa ga girmansa, amma ya yi suna wajen riƙe daraja in an tashi sayarwa.

Ni dai in da ni ce da yara ƙanana, ba zan dubi na farkon ba. Ba shi da makewayi, kuma ba kowace mace ce za ta so ratsa fili da tsakar dare cikin sanyi da yaro a hannu, tana neman ban-ɗakin jama'a ba.

Kafin a taka ƙafa wurin masu sayarwa, sai a fara duban motar gida. Wannan shi ne inda mutane da yawa su ke yin tuntuɓe, su ga ɗaki ya burge su, su biya, sa'an nan a tarar motarsu ba ta isa jansa ba, sai kuma an sake mota. Shawarar da ƙungiyoyin masu karaban na Ingila su ke ba sabon shiga ita ce, nauyin ɗakin da dukan kayansa kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya. Watau in motar tana da kilo 1,400, to ɗakin kada ya haura kilo 1,190. Ba doka ba ce, amma hankali ne, don in ɗaki ya yi wa mota nauyi, da iska ta bugo ko babbar mota ta wuce sai ya shiga lilo, ya riƙa juya motar yadda ya ga dama. Kowace mota kuma tana da iyakar abin da maƙeranta suka yarda ta ja, yana rubuce a littafinta, wannan kam ba a ƙetare shi. Doka ta ce abin da a ke ja in nauyinsa ya wuce kilo 750 lalle ya kasance da birkinsa. Gudu ma an taƙaita: mil 60 a awa bisa manyan hanyoyi masu rabe, mil 50 bisa sauran, in ba alama ta nuna ƙasa da haka ba. Tun watan Disamba na 2021 mai lasin ƙaramar mota a Ingila da Sikotland da Wales yana iya jan abin da ya kai kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ba. Amma samun izini daban, iya komawa da baya da ɗaki a gindin mota daban.

Ga wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye. A jikin kowane ɗaki akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin da aka yarda ya kai da kaya, takardunsa kuma suna faɗin nauyinsa ba kaya. In kika ɗebe wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne nauyin kayan da za ki iya sa wa. Sau da yawa ba ya wuce kilo 150 da 'yan kai. Kina jin kamar da yawa ne? Batir kaɗai ya kan kai kilo 20. Rumfar da a ke kafawa a gefe ta kan fi haka. Ruwa kuwa kowace lita kilo guda ce. Ki ƙara barguna, da tufafin mutum biyar, da tukwane, da buhun shinkafa, da galan ɗin mai, tun da ya ke mu ba mu iya tafiya da burodi da gwangwani kaɗai ba. Kafin ki ankara an cika. Don haka ɗakin da ya fi ƙyalƙyali ba lalle ne ya fi amfani ba, don kowane abin ƙawa da aka liƙa masa ya ci wani abu daga nauyin.

Yanzu sai tambayar sabo ko na hannu. Sabo yana da garanti, amma garantin yana da sharaɗi, sai ana kai shi duba kowace shekara a kan lokaci, a kuma biya. Darajarsa tana faɗuwa tun ran da aka fito da shi daga shago. Na hannu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai yana da maƙiyi guda wanda ba a ganinsa, shi ne laima. Tsofaffin ɗakunan nan yawancinsu katako ne a tsakanin bangon waje da na ciki. In abin da aka liƙe gaɓoɓin da shi ya tsufa ya tsage, ruwan sama sai ya riƙa tsiyaya a hankali, katakon ya ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi. Gyaransa ya kan fi kuɗin ɗakin kansa.

A nan hancin mace ya fi idon namiji. Ki shiga ki rufe ƙofa, ki shaƙa. In kika ji warin rima, ko kuwa kika ji an fesa turare ya yi yawa, ki yi tsai. Ki buɗe akwatunan sama ki danna kusurwoyi da yatsa, ki shafa gefen tagogi, ki ɗaga katifu ki duba ƙarƙashinsu. Bango mai lafiya ba ya lotsawa. Ki taka daɓen ko'ina, musamman bakin ƙofa da gaban murhu, in kika ji yana lumewa kamar soso, ya saki. Akwai wata 'yar na'ura ta awon laima. In ta nuna ƙasa da 15 cikin 100 lafiya lau, in ta haura 20 akwai magana, in ta kai 30 ku sa takalmanku. Mai sayarwa na kirki ba zai ƙi nuna takardar awon da aka yi na ƙarshe ba. Wanda ya ƙi, ya ba ku amsa ke nan.

Tayoyi kuma ba zanensu a ke dubawa ba, shekarunsu a ke dubawa, don ɗakin ya fi zama a tsaye da tafiya, taya kuwa tana lalacewa a tsaye. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In kika ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Shawarar da a ke bayarwa ita ce a sake su in sun shekara biyar, kada kuwa a bari su wuce bakwai. Har wa yau akwai sata. Tun 1992 a ke yi wa ɗakunan da manyan kamfanonin Ingila su ke ƙerawa rajista da wata hukuma da a ke kira CRiS, kowanne da lambarsa mai baƙaƙe da alƙaluma 17 a jikin tagogi da ƙarfen gindi. Da kuɗi kaɗan za a bincika a gaya muku ko na sata ne, ko akwai bashi a kansa. Kada a biya ko kwabo kafin a yi wannan.

To, mu zo ga lissafin da na yi alkawari. Alƙaluman nan ni na ƙaga su don misali, kowa sai ya sa nasa. A ce an sayi sabo fam 20,000, bayan shekara biyar aka sayar fam 13,000. An yi hasarar 7,000 ke nan. A ce kuma inshora, da duban shekara, da kuɗin wurin ajiya suna cin fam 1,000 kowace shekara. Kada ku yi mamakin wurin ajiya, gidaje da yawa a can ba su da fili, waɗansu kuma takardun gidan sun hana a ajiye irin wannan a ƙofa. Shekara biyar ta ci 5,000, jimla 12,000. In dare goma kaɗai a ke kwana a ciki a shekara, dare 50 ke nan, kowane dare ya tashi fam 240, ba a sa kuɗin filin kwana ba, ba a sa ƙarin man da mota za ta sha ba. Da wannan kuɗi ai an kama masauki mai kyau, wani ya yi miki shara. In kuwa dare 40 a ke kwana a shekara, dare 200 ke nan, kowanne fam 60. Kun ga ɗaki ɗaya, kuɗi ɗaya, amma a wani gida riba ne, a wani gida wauta. Na hannu da aka saya 8,000 aka sayar 5,000 zai tashi fam 160 a dare ga gidan farko, fam 40 ga na biyu, muddin dai laima ba ta ci shi ba.

Saboda haka tambayar da ya kamata 'yar taki ta yi wa maigidanta, Hajiya, cikin ladabi bayan ya ci ya ƙoshi, ita ce dare nawa za su kwana a ciki. Su ɗauko kalanda su ƙirga da gaskiya. Watannin sanyi ba kasafai a ke fita ba, filaye da yawa ma rufewa su ke yi. Hutun ma'aikaci ƙayyadadde ne. Ga kuma abin da ke kan kowa da ke zaune a baƙuwar ƙasa: in shekarar zuwa ganin gida ta zo, hutun duka a nan zai ƙare, ɗakin kuwa yana can a ajiye yana cin kuɗi.

Ba ina kushe abin ba ne. Mace ta dafa abin da ta yarda da shi a tukunyarta, ta kwana a shimfiɗarta, yara su wuni a fili maimakon gaban talabijin, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ga iyali mai yawa da ke fita a kai a kai ya fi masauki sauƙi. Abin da zan ce su yi shi ne su ɗauki hayar irin wanda su ke so na mako guda, in son samu ne makon da a ke ruwa, su ga yadda mutum biyar za su yi a ɗakin da bai kai rabin falonsu ba. In sun dawo suna marmarin komawa, sai su nemi na hannu wanda ya bushe, su je saye wajen watan Oktoba ko Nuwamba, sa'ad da masu shi su ke neman rabuwa da shi kafin sanyi ya shigo, don a lokacin ne a ka fi samun ragi.

Hajiya, in sun gwada ki rubuto mini yadda suka ƙare. Sai mako mai zuwa.