Kasuwar Intanet Tana Jiran Kamfanonin Waya A Ƙauyuka

Cikin watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon lasin na wayar hannu a Nijeriya, kamfanin MTN da na Econet kowannensu ya biya dala miliyan 285. A sa'an nan layukan tarho na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Yau sun haura miliyan 150.

To, amma ciniki ya sake kama. Abin da jama'a suka fi nema yanzu shi ne intanet mai sauri a cikin wayarsu. Don haka ne a Disamba 2021 MTN da Mafab kowanne ya ci gwanjon lasin 5G a kan dala miliyan 273.6. Sai dai galibin aikin nan a manyan birane ya tsaya, inda kamfanoni ke ƙwacen masu saye a hannun juna, ƙauyuka kuwa an bar su a baya.

Mu a ganinmu babbar riba tana can inda aka bari. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ba a daɗe ba cinikin gyaɗa ya bunƙasa, gama hanya ita ke jawo kasuwa. Haka intanet take. Manomi yana son ya ji farashin hatsi a Dawanau kafin dillali ya taya masa. Mai awo yana karɓar kuɗi ta waya. Ɗan makaranta kuwa tun 2015 da kwamfuta yake ɗaukar jarrabawar JAMB, in bai saba da ita ba ya tashi a tutar babu. Duk waɗannan masu saye ne.

Amma fa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kamfani ba zai kafa turke inda haraji ya yi yawa ba, ko inda ake sace masa baturi. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin binne wayoyi a 2020, ya kamata sauran jihohi su yi koyi.

Malamai da ma'aikatan hukuma, ku jama'a ke saurara. Ku fahimtar da hakimai da dagatai cewa tsaron turken nan tsaron arzikin garinsu ne. Kamfanoni kuma su sassauta farashi yadda talaka zai iya. Allah ya sa a ji.