SHA'ANIN NOMA: Yadda Wake Ke Sauke Baƙo Ba Tare Da Ya Saki Tsaron Gida Ba

Da damina, a filayen da ba a gine ba a Gwarinpa da ƙauyukan Gbagyi na kewayenta, jama'a kan shuka wake tsakanin masara. Duk wanda ya tuge gindi guda zai tarar da waɗansu 'yan ƙululai manne da saiwa. Masauki ne da waken ya gina wa waɗansu ƙwayoyin bakteriya na ƙasa, waɗanda masana ke kira raizobiya.

Kashi 78 cikin 100 na iskar duniya naitirojin ne, watau sinadarin da manomi ke saye cikin buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗibarsa daga iska. Baƙin nan su ke sarrafa mata shi, ita kuwa ta ciyar da su sukari. Tun 1886 Hellriegel da Wilfarth na Jamus suka bayyana wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

To, amma shuka tana da garkuwar jiki, wadda kan far wa ƙwayar cuta da zarar ta taɓa saiwa. Yaya waɗannan suka sami shiga? Asirin yana cikin sallama. Saiwa kan fitar da wani sinadari na kira, ƙwayar ta amsa da nata. A 1990 masana a birnin Tulus na Faransa suka gano sinadarin amsar, sa'an nan a 2003 masana a Jami'ar Aarhus ta Denmak suka gano masu gadin da ke karɓarsa a fatar saiwa. Masu gadin nan dangi ɗaya ne da waɗanda ke gane funfuna mai kawo cuta. In sallamar ta dace, sai shuka ta sassauta faɗa a daidai wurin kaɗai, ta buɗe siririyar hanya cikin gashin saiwa. Sauran jikinta na nan da shirin yaƙi.

Bayan an sauka ma ba a sakin jiki. Ganye kan aika saƙo ƙasa ya ƙayyade yawan ƙululan. Bincike a kan waken suya a 2003 ya nuna cewa ƙululun da bai samar da naitirojin ba, shuka kan rage masa iskar shaƙa. Haka kuma idan ƙasa ta ƙoshi da naitirojin, wake kan rage karɓar baƙi.

Nan ne abin ya shafi aljihun manomi, musamman a Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa noman wake. Wanda ya antaya wa wake yuriya kamar masara, ya biya kuɗi ya kori ma'aikacin kyauta. Takin da ya fi buƙata shi ne sufa, mai fosfaras. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: lokacin fure a tsaga ƙululu da farce. In cikinsa jaja-jaja ne, aiki na tafiya. In fari ne ko kore, ba a samun komai.