Haƙƙin da Ba a Samu Sai da Takardar Likita

A shekarar 2017 wasu ɗalibai biyu makafi, Roy Payan da Portia Mason, suka maka hukumar kwalejojin al'umma ta birnin Los Angeles a kotu. Babu wanda ya hana su gurbin karatu. An ɗauke su, an yi musu rajista, har ofishin kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman ya amince da taimakon da za a ba su. Abin da ya kai su gaban alƙali ƙananan abubuwa ne da suka taru suka yi tsauni. Payan ya shiga ajin lissafi da ake yin aikin gida a wata manhaja mai suna MyMathLab, ita kuwa ba ta jituwa da manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan fuskar kwamfuta. Littafin darasin kuma sai ya kai ofis a mayar masa da shi yadda zai iya karantawa, babi bayan babi, kafin babi ya fito 'yan aji sun yi gaba. Ihu bayan hari ke nan. Shari'ar ta kai kotun ɗaukaka ƙara a 2021, hukumar ta yi niyyar wucewa Kotun Ƙoli, sai da naƙasassu suka yi mata ca sannan ta janye a 2022.

Kwalejin al'umma a Amurka makaranta ce ta shekara biyu bayan sakandare, kuma sun kai wajen dubu a ƙasar. Ta farko da ake ambata, wato Joliet a jihar Illinois, tun 1901 take. Yawancinsu ba sa tankaɗe da rairaya: mai takardar gama sakandare ya zo a ɗauke shi. Kuɗin makaranta bai kai na jami'a ba. Nan ne direban tasi ke karatun dare, nan uwar 'ya'ya uku ke koyon aikin jinya, nan tsohon soja da ya dawo da rauni ke sake lale, nan kuma baƙon da bai daɗe da sauka ƙasar ba ke gyara Turancinsa. Duk wanda ya san su wa ke cika kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha a wajenmu ya gane fuskokin.

Doka kam akwai ta, kuma ba a ruwan sanyi aka same ta ba. Sashe na 504 na dokar 1973 ya haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa naƙasasshe bambanci, amma aka yi shekara huɗu ba a sa hannu a ƙa'idojin aiwatarwa ba. Sai a 1977 da naƙasassu, cikinsu har da Judy Heumann, suka mamaye wani ginin gwamnati a San Francisco suka kwana a ciki fiye da mako uku, sannan minista Joseph Califano ya rattaba hannu. A 1990 Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar ADA, wadda ta faɗaɗa kariyar. Daga waɗannan dokoki ne ɗalibi ke samun ƙarin lokaci a jarrabawa, da ɗaki maras hayaniya, da tafintan yaren kurame, da littafi a rubutun makafi, da izinin naɗar lacca, da mayar da aji ƙasan bene saboda mai keken guragu.

Matsalar tana wajen yadda ake kaiwa ga haƙƙin. A firamare da sakandare, wata doka daban da ta samo asali a 1975 ta ɗora wa makaranta nauyin nemo yaron da ke da matsala, ta gwada shi kyauta, ta zauna da iyayensa a rubuta masa tsarin karatu na kansa. Ranar da ya taka kwaleji, duk wannan ya ƙare. Babu mai nemansa. Shi zai gano inda ofishin kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman yake, shi zai je ya ce ga abin da ke damuna, shi zai kawo shaida, shi zai tabbatar kowane malami ya sami wasiƙar ofis a kowane zangon karatu. Iyayen da suka saba tsaya masa ba su da ikon ganin takardunsa sai da izininsa. Yaro ɗan shekara goma sha takwas, wanda ya gaji da a riƙa nuna shi a aji tun yana ƙarami, sau da yawa yakan ce bari in gwada ni kaɗai. Ba ya zuwa ofis sai ya faɗi jarrabawar farko, kuma taimakon ba ya komawa baya ya gyara makin da ya riga ya zube.

Alƙaluman cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin Amurka sun nuna girman ramin. Kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar a manyan makarantu yana cewa yana da wata naƙasa. A rahoton da cibiyar ta fitar a 2022, kashi 37 cikin ɗari ne kawai na irin waɗannan ɗalibai suka sanar da makarantarsu. Cikin waɗanda suka sanar ɗin, kashi 85 sun sami taimako a makarantun shekara huɗu, amma kashi 57 ne suka samu a na shekara biyu. Wato inda talakawa suka fi yawa, nan haƙƙin ya fi ƙaranci.

Zancen shaida shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Makaho da gurgu ba a cika tambayarsu hujja ba, ido ya gani. Amma yawancin naƙasar da ɗalibai ke kawowa ba ta ganuwa: wahalar haɗa baƙi, rashin iya tattara hankali, ciwon damuwa, farfaɗiya, sikila. Kwaleji tana da ikon neman takardar ƙwararre, kuma doka ba ta tilasta mata biyan kuɗin gwajin ba. Cikakken gwaji a wajen masanin halayyar ɗan Adam yana iya cin dubban daloli. Wanda ya zaɓi kwalejin al'umma don ba shi da kuɗin jami'a, a ina zai samo su? Wata makarantar ma sai ta ce takardar da ya zo da ita daga sakandare ta tsufa, a sabunta, kamar dai naƙasar da aka haife shi da ita ta warke a hutun ƙarshen shekara. An sha gabatar da wani ƙuduri mai suna RISE a majalisar dokokin ƙasar don a tilasta wa kwalejoji karɓar takardun sakandare, kuma a ganina wannan ko muhawara bai kamata ya jawo ba.

Masu tsananta sharuɗɗa suna da hujjarsu, ba kuma ƙarya suke yi ba. A 2019 aka bankaɗo badaƙalar Rick Singer, dillalin da ya riƙa shigar da 'ya'yan attajirai manyan jami'o'i ta bayan gida, kuma ɗaya daga dabarunsa ita ce a samo wa yaro lafiyayye takardar naƙasa don a ƙara masa lokaci a jarrabawar shiga jami'a. Amma a duba wa ya yi cutar, wa kuma ake tsananta wa. Mai kuɗi zai sayi takarda komai tsaurin sharaɗin, sharaɗin kuwa talaka kaɗai yake tarewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma malaman da ke ganin duk wani sauƙi rage darajar takardar shaida ne. Su ma doka ta ba su amsa tuntuni, kuma daga kwalejin al'umma amsar ta fito. A 1979 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar Frances Davis, mace mai matsalar ji da ta nemi shiga sashen jinya na kwalejin Southeastern a jihar North Carolina. Da motsin leɓe take gane magana, kwalejin kuwa ta ce a ɗakin tiyata kowa rufe baki yake yi. Alƙalan gaba ɗayansu suka ba kwalejin gaskiya: ba a tilasta wa makaranta ta canja ainihin abin da kwas ke koyarwa. Naƙasassu da yawa sun ji zafin hukuncin, kuma da na'urorin yau wataƙila da labarin ya sha bamban. Amma ya shata iyaka. Ana canja hanyar kaiwa ga darasi, darasin kansa yana nan yadda yake. Ɗalibin da aka ƙara wa rabin lokaci tambayoyi iri ɗaya ya amsa da sauran, maki iri ɗaya aka auna shi da shi. Idan kwas ɗin ba gudun rubutu yake gwadawa ba, agogon bango ba ya cikin abin da ake koyarwa.

Ban ɗora laifin duka a kan malamai ba. Fiye da rabin masu koyarwa a kwalejojin al'umma ma'aikatan wucin gadi ne, ana biyansu aji-aji, wani yana zarya tsakanin makarantu biyu ko uku, wani sai ana gobe za a fara zango ake ba shi kwas. Mutumin da ba shi da ofis, yaushe zai zauna ya gyara takardun lacca don makaho? Shi ya sa nake ganin gyaran yana sama. Makarantar da ta sayi manhajar da makaho ba zai iya amfani da ita ba, tun ranar sayen ta yanke hukuncin cewa wani zai zauna yana jira. Da ta sa sharaɗin a kwangila, da kowane bidiyon darasi ya zo da rubutun abin da ake faɗa, da malamai suna miƙa jerin littattafai da wuri, da rabin masu layi a ofishin ba su da dalilin zuwa, ma'aikatan kuma su ji da waɗanda lallai sai an zauna da su. A 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fitar da ƙa'ida da ta wajabta wa hukumomin gwamnati, har da kwalejoji, gyara shafukansu na intanet da manhajojinsu. Shekara talatin da huɗu ke nan bayan ADA.

Mu ma a Najeriya muna da doka. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a 2024. Hukumar JAMB, tun 2017, tana shirya wa makafi jarrabawa ta musamman ta hannun kwamitin Farfesa Peter Okebukola, kuma ta cancanci yabo. Sai dai ita ma a bakin ƙofa aikinta ke tsayawa. Wanda ya ci ya shiga kwaleji, abokin ɗaki ne ke karanta masa takardar lacca in ya ga dama, 'yan aji ne ke ciccibar mai keke zuwa hawa na biyu. Hukumomin NBTE da NCCE suna tura tawaga makarantu kafin a amince da kowane kwas, a ƙirga kujeru da littattafai da malamai. Su ƙara tambaya biyu a takardar binciken: wane ma'aikaci ne ke da alhakin ɗalibai masu buƙata ta musamman, kuma kwana nawa makaho ke jira kafin takardar da aka raba wa 'yan aji ta iso hannunsa. Makarantar da ta kasa amsawa a jinkirta mata amincewar.