Mai Sayarwa Ma Da Nasa Alhakin

Na karanta rubutun da wani malami ya yi makon jiya, inda ya ce mai sayar da kayan maye ɗan kasuwa ne kawai, laifin ɓarna na kan wanda ya sha. Malam, da alama ba ka taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da zuciya a hannu ba.

Yaron da ke fitowa daga dajin Kamuku da bindiga, idonsa jawur, ba a kan bishiya ya tsinko tiramadol da burkutu ba. Wani ne ya ɗaura su a bayan babur ya kai masa, ya karɓi kuɗi ninki, yana sane sarai cewa kuɗin fansa ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ka ce doka ba ta san haka ba. A 2021 gwamnatin Kaduna ta haramta sayar da fetur a jarka a Birnin Gwari, don ta gane mai kai kaya abokin aikin 'yan bindiga ne. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin. A jihohi da dama na Amurka, mai mashaya da ya ƙara wa bugagge giya kan biya diyya idan mutumin ya kashe wani da mota. Hadisi ma ya haɗa mai sayar da giya da mai shanta a tsinuwa.

To, majalisar dokokin Kaduna ta sa dillalan nan su biya marayun da 'yan bindiga suka kashe wa iyaye diyya daga ribarsu.