Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Da Malam ya ce kowa ya kawo abin da zai sa cikin littafin bana, niyyata in yi rubutu ne kan ladubban ɗalibi. Sai wani abu ya faru gidanmu da hutun babbar Sallah, ya sa na canza.

Yayana shekararsa ta uku ke nan a jami'a a Yamai, yana karatun ilimin ƙananan halittu, wanda su can suke ce ma mikrobiyoloji. Washegarin Sallah ana zaune tsakar gida ana suyar nama, sai Kawu ya dube shi ya ce, "To ɗana, baɗi war haka ka zama lokotoro ke nan?" Yaya ya ce, "A'a Kawu, namu karatun ba na lokotoro ba ne." Kawu ya ce, "To mi za ka zama?" Yaya ya sunkuyar da kai, bai ce komi ba. Inna, wadda ta sai da tumakinta biyu shekarar da zai tafi, ta tashi ta shige ɗaki, wai hayaƙi ne ya shigar mata ido.

Da dare na same shi na ce, "Yaya, don Allah mi ya hana ka ba Kawu amsa?" Ya faɗa mini gaskiya. Likitanci ya so, bai samu ba, sai ya karɓi wannan, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Shekara biyu ya yi yana haddar darasi yana cin jarrabawa, bai taɓa tambayar kansa ina hanyar ta nufa ba. Sai bana ya waiga ya ga waɗanda suka riga shi gamawa: wani yana kabu-kabu, wani yana tsaron shagon waya. Sana'a ba abin raini ba ce, amma ba don ita iyayensu suka sai da dabbobi ba. Ƴan kaɗan da suka wuce gaba kuwa, ya ce, duk ka bincika za ka tarar tun shekarar farko suka san abin da suke nema. Na nemi izninsa kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta ko wani ya amfana.

Ra'ayina shi ne, karatun nan ba shi da laifi, rashin tsari ne ke kashe shi. Kuma tsarin daga nan inda muke zaune ya kamata ya fara, tun ba mu kai ga jarrabawar bak ba.

Bari in fara da abin da Kawu bai sani ba, ni ma da ban sani ba. Ilimin nan yana binciken halittun da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma: bakteriya, birus, funfuna da ire-irensu. Mu ɗaliban madarasa muna da misali kusa. A fiƙihu mun karanta cewa ana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, kuma daidai yake a wurinsa. Amma ruwan rijiya zai iya zama garau, alwala ta inganta da shi, alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara. Malamin fiƙihu ya amsa tambayar ko ruwan yana tsarkakewa. Tambayar ko ana iya shan sa a kwana lafiya, mai ɗakin gwaje-gwaje ke amsa ta. Mu mutanen Maraɗi ba mu manta amai da gudawa na 2018 da ya taso ta wajen Madarunfa ba, balle na 2021.

Ga sanƙarau kuma. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da ciwon ya fi addaba, daga Senegal har Habasha, kuma lokacin hunturu da bazara yake tashi. Ƙwayar da ke kawo shi iri-iri ce. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta karya lagon nau'in A. Sai ga shi a 2015 nau'in C ya ɓarke, Yamai ta sha wuya ƙwarai. A ido, mai nau'in A da mai nau'in C duk ɗaya ne: zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sanƙare. Sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an kai ɗakin gwaje-gwaje kafin a san wanne ne, sannan hukuma ta san allurar da za ta nemo. Likita yana gaban majinyaci kowa na ganin sa. Mai awon yana bayan ƙofa, amma in babu shi likita lalube yake cikin duhu.

To in aikin yana da wannan daraja, mi ya kamata ɗalibi ya yi don kada ya tsinci kansa inda Yaya ya tsinci kansa? Abu huɗu na tattara daga hirarmu da shi da kuma tambayar malaminmu na kimiyya.

Na farko, ya zaɓi matsala kafin ya zaɓi takarda. Tsarin jami'a a ƙasarmu hawa uku ne: lisans shekara 3, mastar shekara 2, doktora aƙalla shekara 3. A lisans ana ɗanɗana komi ne, a mastar ake kama reshe guda. Wanda bai san reshen da yake so ba, duk ƙofar da ya ga a buɗe ita zai faɗa. Rassan kuwa suna da yawa. Akwai na asibiti, awon jini da fitsari da majina. Akwai na ruwa da abinci: gyaɗar da aka adana da danshi tana yin funfuna mai fitar da guba da ake kira aflatoksin, mai lalata hanta, kuma mu ƙasar gyaɗa ce. Akwai na noma: ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwar wake, bakteriya ne a ciki ke jawo sinadarin naitrojin daga iska suna ƙara ma ƙasa ƙarfi, shi ya sa gonar da aka yi wake take yi ma gero kyau. Akwai na dabbobi. Har nonon da ake dama fura da shi da daddawar miya, ƙananan halittu ne ke aikin su. Kowane reshe yana da gidansa: CERMES a Yamai tana binciken cututtuka irin su sanƙarau, INRAN tana binciken noma, LABOCEL ta dabbobi ce. Ɗalibin da ya ce "ni ruwan sha na ƙauyuka nake so in bincika" ya riga ya san darasin da zai ba ƙarfi, da malamin da zai bi, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Na biyu, hannu ya koyi aiki. Yaya ya ce akwai mai lisans da bai taɓa shuka ƙwayar cuta a faranti da hannunsa ba. Aikin yana da matakai: a shafa samfurin a kan abincin da aka tanada, a sa shi cikin ɗumi na digiri 37 daidai da jikin mutum, a jira kwana guda, a rina da rinin Gram a duba a madubi, sannan a gwada magunguna a ga wanne ke kashe ta. Wannan ba ya shiga kai ta hadda, kamar yadda ba a koyon tajwidi daga takarda sai a bakin malami. Don haka duk hutu ɗalibi ya nemi wurin koyon aiki, wato sitaj, ko da ba za a ba shi ko dala ba. Wanda ya koya maka aiki shi ne kuma zai rubuta maka takardar shaida ranar da kake neman mastar.

Na uku, harshe da lissafi. Mu muna da Larabci da Faransanci, alhamdu lillahi, kuma wannan jari ne, don ƙofofin Masar da Maroko da Aljeriya ba su yi mana nisa ba. Amma yawancin sabon binciken kimiyya da Ingilishi ake buga shi. Ingilishin nan ne zai buɗe ma mutum jami'o'in Kano da Zariya da ke nan kusa da mu, da cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Gana. Lissafi da kwamfuta kuma ba a guje musu, don yau ana karanta ƙwayoyin gadon cuta ne da na'ura. Mu da muke gudun ajin lissafi muna cewa ai mu ƴan Arabiyya ne, kanmu muke rufe ma ƙofa. Mai son wannan hanya, tun yanzu zai nufi ɓangaren kimiyya, ya zauna bak na seri D.

Na huɗu, kuɗi da lokaci. Mastar tana cin kuɗi, kuma tallafin karatu, wanda ake ce ma burs, yana da ranar rufewa. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana cikin masu bayarwa, akwai kuma na ƙasashe daban-daban. Ana neman sakamako mai kyau na dukkan shekarun, da takardun malamai, da bayanin abin da mutum yake son bincikawa. Wanda ya yi wasa da shekarar farko yana cewa sai ta ƙarshe zai dage, ya riga ya rage ma kansa maki. Fasfo da fassarar takardu ma ba a fara neman su sati guda kafin rufewa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba.

Wani zai ce, "Arziki na Allah ne, wannan lissafi na shekara takwas ai kamar rashin tawakkali ne." Gaskiya ne arziki na Allah ne, kuma babu wanda ya san gobe. Amma mun karanta a tarihi yadda Sayyidina Umar ya nufi Sham zamanin annobar Amwas, da labari ya iske shi a hanya ya yi shawara da sahabbai, sannan ya juya da jama'a Madina. Ba wanda zai ce ya fi shi tawakkali, amma ya auna, ya yi shawara, ya ɗauki sababi. Imamu Gazali kuma, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan da in wasu ba su ɗauke ba duk gari ke da laifi. A fahimtata, awon da likitanci ya dogara a kansa yau yana bin wannan hukunci. In na yi kuskure malamai su gyara mini.

Wani zai ce, "Ko an yi mastar ɗin aiki babu." Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan ce ƙarya ce ba. Guraben gwamnati kaɗan ne, ɗakunan gwaje-gwaje ba su wadata ba, kuma tsari ba ya haifar da gurbin da babu shi. Shi ya sa nake ganin ba kowa ne ya kamata ya zarce mastar kai tsaye ba. Wani gara ya yi aiki shekara biyu a ɗakin awo na asibiti, ko wurin sarrafa abinci, ko ya koyar a makaranta, ya tara ɗan abin hannu, ya gane abin da yake so, sannan ya koma. Shiga mastar don kawai a ɓuya daga zaman banza, jinkirta tambayar Kawu ce da shekara biyu. Doktora kuwa ta mai son bincike da koyarwa ce har ƙarshen rayuwa. Wanda ba wannan ne burinsa ba, babu kunya in ya tsaya a ƙasa da ita.

Wani kuma zai ce, "Duk wanda ya fita waje ba ya dawowa." Akwai masu zama can, ba musu. Amma akwai Farfesa Jean-Jacques Muyembe na Kwango, masanin wannan fanni. Ya yi doktoransa a Beljiyam, ya koma gida, yana cikin waɗanda suka fara isa Yambuku a 1976 lokacin da Ebola ta fara bayyana, kuma ya ci gaba da yaƙi da ita shekara da shekaru daga Kinshasa. Abin da na lura shi ne, wanda ya fita da tambayar gida a zuciyarsa yana da dalilin dawowa. Mu kuwa tambayoyin gida ba su ƙare mana ba. Ku dubi masu tallar magani a tire cikin kasuwa, ana sayen kafso biyu a haɗiya a bar sauran. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi kashedin cewa shan magani ƙasa da ƙima yana koya ma ƙwayar cuta jure shi. Wa zai auna mana magungunan da suka daina aiki a Maraɗi in ba ɗan Maraɗi ba?

Ga iyayenmu ina da roƙo guda, cikin ladabi. Ku daina auna kowane karatun kimiyya da likitanci. Ku riƙa tambayar ƴaƴanku tun shekarar farko: mi kake so ka yi da shi, wa ke koya maka aiki, ina za ka bayan nan? Tambayar Kawu mai kyau ce, makara kawai ta yi da shekara biyu. Kuma in ɗiya mace ta nuna sha'awa a ba ta dama. Mata da yawa sun fi sakewa in mace ce za ta ɗebi jininsu ko ta karɓi samfurinsu.

Shi Yaya, kafin ya koma Yamai, ya zauna ya rubuta abin da zai yi a takarda guda. Ya zaɓi ruwan sha. Ya je ya nemi koyon aiki na wata biyu a wani ɗakin awo, sau biyu ana ce masa ya dawo, a na uku aka karɓe shi. Ya fara koyon Ingilishi a waya kullum bayan sallar asuba. Ko zai samu mastar baɗi ko sai ya yi aiki tukuna, Allah ne masani. Amma ranar da zai tafi ya je ya durƙusa gaban Kawu ya yi masa bayani dalla-dalla, Kawu ya ce, "Ashe kai ne mai duba mana rijiya. To Allah ya yi albarka." Inna tana bakin ƙofa tana ji.

Ni ma na sayi ɗan littafi na rubuta nawa, da fensir, don in iya gyarawa. Ina ba kowane ɗan ajinmu shawara ya yi haka kafin hutun nan ya ƙare, ko mi yake son karantawa, sannan ya kai ma wani malami ko wani babba da ya bi hanyar ya duba masa.