Wa Ya San Maƙwabcinsa A Furfuri?

Duk wanda ya kwana a Furfuri, ko a wata unguwa ta bakin Gusau irin su Damba da Mareri, ya san yadda dare ya koma a wannan zamani. Da an sallame Isha'i sai ka ji ƙarar sakata ko'ina, mai shayi ya kwashe teburinsa, kowa ya shige ya kasa kunne. Haushin kare, ko ƙugin babur daga nesa, ya isa ya hana magidanci runtsawa har kiran assalatu. Gari na wayewa kuwa sai a taru a gindin itace ana zagin Gwamnati, ana zagin soja da 'yan sanda. Ba mu hana kowa ba, domin sun ja wa kansu, kuma za mu zo kansu. Amma yau da kanmu za mu fara, watau mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata da muke kama ɗakunan haya a waɗannan wurare, tare da masu gidajen da suke karɓar kuɗinmu.

Bari mu tuna wa juna abin da ya faru a Sabon Gida, cikin ƙasar Bunguɗu, wadda Furfuri ma cikinta take. Ranar Juma'a, 22 ga Satumba, 1923 ba mu ce ba, 2023 muka ce, shekarun da kowa ke yawo da waya a aljihu, ɓarayin daji suka shiga gidajen da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau suke haya tun kafin asuba, suka kora fiye da mutum 20 cikin daji, galibinsu 'yan mata. Waɗansu daga cikinsu ba su ga iyayensu ba sai cikin watan Afrilu na 2024, bayan kusan wata bakwai. Kafin wannan, a watan Afrilu na 2022, an yi irinsa a Tsafe, inda aka ɗauke ɗalibai mata na kwalejin kiwon lafiya daga gidan da suke zaune a cikin gari. To, jama'a, mutumin da yake kwana a dajin da ba ko hanyar mota, yaya aka yi ya san gidan da 'yan makaranta suke, da ƙofar da ba ta da ƙarfi, da lokacin da masu sintiri suke komawa? Hausawa sun riga mu amsawa, da ɗan gari akan ci gari. Gwamnati ma ta yarda da haka, domin a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka datse layukan waya a Jihar Zamfara duka, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, babban dalilin da aka bayar shi ne a raba ɓarayi da masu kai musu labari da kaya daga cikin gari.

Shi wannan mai kai labari, wanda yanzu kowa ke kira infoma, ba daga sama ya faɗo ba. A gabanmu ya girma. Mun san shi tun yana ɗan shekara goma sha uku, lokacin da ya daina zuwa makaranta ba wanda ya tambaye shi dalili. Mun gan shi ya fara zama a kangon nan na ƙarshen layi, wanda wani mai kuɗi ya gina rabi ya watsar, inda ake busa wiwi da rana tsaka ana shaƙar sholisho. Mun ga mai shagon magani yana miƙa masa tiramol ta bayan kanta. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayu na 2018, amma duk mai shakka ya leƙa kwatar bayan kangon ya ƙirga kwalabe. Daga nan sai kaza ta ɓace, sai wayar lantarki, sai akuya, sai a fara tare 'yan mata masu dawowa daga Islamiyya ana musu maganganun banza. Kowane mataki muna kallo, kowa na cewa ba ɗansa ba ne. Yaron da ƙwaya ta kama kuwa kullum yana bukatar kuɗi, kuma ranar da wani ya kira shi ya ce zai ba shi 'yan dubbai in ya faɗi gidan da aka sayar da amfanin gona, ko ɗakin da ɗiyar wani ma'aikaci take, ba zai yi dogon tunani ba. Saboda haka muke cewa tsakanin ɗan iskan unguwa da ɓarawon daji hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kuma farkonta a bakin ƙofarmu yake.

A da, akwai wanda aikinsa ne ya tsaya a kan wannan hanya. Baƙo ba ya kwana a gari sai mai masaukinsa ya kai shi gaban mai unguwa, an ji daga inda ya fito da abin da ya kawo shi. Mai unguwa na kai wa dagaci, dagaci na kai wa hakimi. Kowace shekara ana ƙirga magidanta saboda haraji, ana ƙirga shanu saboda jangali, don haka ba gidan da ba a san mutanen cikinsa ba. Kada wani ya ɗauka kukan En'e muke yi. Mun san wuyar da talakawa suka sha a hannun dogarai da 'yan doka, mun san dalilin da ya sa 'yan NEPU suka shiga kurkuku, kuma ba laifi aka yi ba da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979. Abin da muke cewa shi ne an rushe tsohon gini ba a aza sabo a gurbinsa ba. An haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan Tarayya a zamanin Janar Gowon, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe iko daga hannun sarakuna, sai aka bar mai unguwa da rawani da sa hannu a takardar cinikin fili. Ɗan sandan da ya maye gurbinsa kuwa sau da yawa daga wata jiha mai nisa aka turo shi, bai san lungu ba, bai san ɗan wa da wa ba, kafin ya sani an yi masa canjin wurin aiki.

Mu 'yan boko sai muka ƙara wa ciwon gishiri. Ɗalibi zai shekara huɗu a ɗaki bai san sunan mai unguwarsa ba. Ƙaramin ma'aikaci zai fita da sassafe ya tafi sakatariya a Gusau, ya dawo da magariba, bai taɓa zuwa suna ko jana'iza a layinsu ba, in an gaishe shi ya ɗaga hannu kamar gwamna. Da ya sami ɗan hali, abin da zai fara yi shi ne ya ƙara wa katanga bulo uku ya dasa fasassun kwalabe a kai. Muna kiran mutanen gari ƙauyawa, su kuma suna kiranmu baƙi, alhali kuwa ranar da aka zo, ihun da za mu yi su ne kaɗai za su ji shi. Wa zai fito cikin dare, ya sa ransa a tafin hannu, saboda mutumin da bai taɓa yi masa sallama ba?

Masu gidajen haya kuma nasu laifin ya fi namu nauyi, domin su riba suke ci. Tun da aka kafa jami'ar Gusau a 2013, ga kuma dubban mutanen da suka gudo daga ƙauyuka suna neman wurin sa haƙarƙari, ɗaki ya yi daraja a duk kewayen birnin. Sai kowa ya yanki gona a bakin daji ya jera ɗakuna, ba fitila, ba mai gadi, ƙofa ta langa-langa, ya karɓi kuɗin shekara cif, ya koma cikin gari ya yi barcinsa. Ba ya tambayar mai haya ko wane ne, in dai kuɗi sun cika. Mutumin da zai binciki asalin wanda ya zo neman auren ɗiyarsa har kaka da kakanni, shi ne zai ba wanda bai taɓa gani ba makulli, ya zaunar da shi ɗaki ɗaya tsakaninsa da 'ya'yan mutane.

Mun san akwai masu cewa duk wannan dogon Turanci ne, maganin ɓarawo sanda, a bar matasa su kama duk wanda ake zargi su gama da shi nan take. Waɗannan muna roƙonsu su waiwayi tarihin jiharmu, ba na da can ba, na jiya-jiya. An gwada wannan hanya. 'Yan sa-kai sun fara ne da kyakkyawar niyya ta kare dukiyar jama'a daga ɓarayin shanu, amma da yake ba alƙali ba shaida, sai aka wayi gari ana yanka mutane a tsakiyar kasuwa bisa zargi kawai, sau da yawa ba don kome ba sai don Fulani ne. Wanda aka kashe ubansa ba da hakki ba ya shiga daji ya dawo da bindiga. A watan Afrilu na 2014 'yan bindiga suka auka wa taron 'yan banga a 'Yargaladima, ƙasar Ɗansadau, mutanen wurin suka ce gawawwakin da aka binne sun haura 100. Daga nan wutar ta ci gaba da ci har ta iso bakin Gusau. Gwamna Bello Matawalle ya haramta 'yan sa-kai a 2019 ya shiga sulhu, sa'an nan a watan Yuni na 2022 Gwamnatinsa ta juya ta ce kowa ya nemi izinin riƙe bindiga ya kare kansa. Sulhun bai hana ɗaukar 'yan matan Jangeɓe 279 a 2021 ba, shelar bindigar kuma ba ta hana abin da ya sami Sabon Gida ba.

Akwai kuma masu cewa, kuma maganarsu tana da ƙarfi, ai kai ƙara ma hatsari ne: ka kai sunan yaro yau, jibi ka gan shi a ƙofar gidanka yana maka dariya, ya kuma san kai ne. Gaskiya ne, kuma a nan ne laifin manya yake. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, M. D. Abubakar, ya shugabanta a 2019 ya ce an kashe fiye da mutum 6,000 a jihar nan cikin shekara takwas, ya kuma nuna yatsa ga sarakuna 5 da hakimai 33. A watan Yuli na 2022, a masarautar 'Yandoton Daji cikin ƙasar Tsafe, aka naɗa wa Ado Aleru, wanda 'yan sanda suke nema ruwa a jallo, sarautar Sarkin Fulani da rana tsaka, sai da ƙasa ta ɗauki kuka kafin aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Yaya talaka zai ga wannan, sa'an nan a ce masa ya je ya tona asirin ɗan maƙwabcinsa? Duk da haka ba mu yarda shiru ne mafita ba. Mutum ɗaya ne ake iya tsoratarwa. In mai unguwa da liman da magidanta ashirin suka tafi ofishin 'yan sanda tare, suka sa hannu a takarda ɗaya, suka ajiye kwafinta wurin hakimi, da wuya a yi musu wasan da ake yi wa mutum guda.

Ranar 31 ga Janairu, 2024, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, su 2,645. Muna yi musu fatan alheri, waɗansunsu ma sun riga sun ba da rayukansu. Amma a raba wannan adadi ga ƙananan hukumomi 14, a ga nawa zai faɗo wa Bunguɗu, sa'an nan nawa zai iso Furfuri. Kuma lalle ne a sa musu ido sosai, duk wanda suka kama ya isa gaban alƙali da ransa, in ba haka ba sa-kai ce aka ɗinka wa kaki.

Abin da muke nema a Furfuri bai kai kuɗin motar kwamishina ɗaya ba. Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ta yanka wa masu unguwanni albashin da zai riƙe su, ta ba kowannensu littafi, ta wajabta wa duk mai gidan haya ya kawo sunan wanda ya saukar da na wanda ya tsaya masa kafin ya miƙa makulli. Littafin nan na kowa ne, da ɗan gari da ɗan gudun hijira, da Bahaushe da Bafillace, da ɗalibi da malaminsa, domin in aka mai da shi tarkon kama baƙi da marasa galihu, to mun koma gidan jiya. Duk kangon da ya zama matattara a ba mai shi wa'adi, ko ya rufe ko ya ƙarasa. Mai shagon da ke sayar da ƙwaya a kai shi ga hukumar NDLEA, a bi sawun maganar har kotu. Yaran da suka fara lalacewa kuwa a kira iyayensu gaban dattawa tun abin yana satar kaza, a nema musu wurin koyon sana'a, domin mafi yawansu zaman banza ne ya kai su kangon.

Mu kuma namu aikin ba ya jiran kasafin kuɗin kowa. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta fitar da jerin gidajen hayar da ba su da fitila da ƙofar kirki da mai gadi, ta manna shi a allon sanarwa kafin sababbin ɗalibai su zo, kowa ya ƙaurace musu har masu su su gyara. Kowane gida da ɗalibai ko ma'aikata suke zaune su zaɓi mutum biyu, su je su gai da mai unguwa a makon farko na zango, su ba shi sunayensu, su karɓi lambarsa da ta shugaban masu sintiri, su kuma biya kuɗin gadi kamar yadda mai kayan miya da mai faci suke biya. Ranar taron unguwa a gan mu a kan tabarma, mu da muka iya rubutu mu riƙe musu littafin.